Kwalabe Biyu na Madam Badariyya

Ranar Litinin Madam Badariyya ta shigo aji da kwalabe biyu maimakon bulala. Direkta, shugaban makarantar, ya so a zane yaran, domin sun sake jifan Mai Gwangwani, tsohuwar nan mai taɓin hankali da ke bin gonaki tana tsintar tsutsa, har sun fasa mata goshi. Madam ta roƙi mako biyu. Dama ba a gane mata ba, malamar da ta baro Damagaram ta nemi a turo ta Matameye da bakinta.

Ta zuba gero da tsutsotsi a kowace kwalba. A ɗaya ta saki wasu ƙwari 'yan mitsi-mitsi, ta sa yara suka rufe bakin da ƙyalle don iska ta shiga. Ta ce wata mace ce ta fara gwada wannan a yankinsu, zamanin da ake dariyar mace mai karatun ƙwari. Shekara tara tana kiwon su tana sakinsu a gonaki don su kashe tsutsar da ke cinye zangarniya. Yara suka nemi sunanta, ta ce sai aiki ya nuna.

Kullum suna leƙawa suna ƙirgawa, amma jifan bai tsaya ba. Ran Alhamis ta hango dutse a hannun ɗalibinta Nura, ranta ya ɓaci har allin hannunta ya karye. Tsoronta kada dutse na gaba ya sami ido.

Ranar da mako biyu suka cika, tsutsotsin kwalba ɗaya sun yi ɓul-ɓul, na wadda aka sa wa ƙwarin duk sun mutu. Aji ya kaure da tafi. Madam ta ciro tsohon hoto daga jakarta: mace cikin farar riga riƙe da gwangwani, wata 'yar yarinya mai kama da Madam maƙale da zanenta.

Hoton na zagayawa, tafin na raguwa. Sai inuwa ta rufe taga. Tsohuwar ce, goshinta ɗaure da bandeji tsaf, idonta a kan kwalaben.

"Ku janye su daga rana," ta ce. "Zafi na kashe ƙwarin."

Nura ya sunkuyar da kai. Madam ta fita, ta karɓi gwangwanin, ta kama hannun tsohuwar.

"Za su janye, Inna. Shigo su gaishe ki."