Tabon Cizo a Hannun Lok

Sau-Ying ta goge tebur, ta sake gogewa, sannan ta rage wutar kunun shinkafa. Ɗanta Lok, mai shekara talatin da 'yan kai, yana bakin taga yana kallon jiragen ruwan Hong Kong. Kunu ne abincinsa tun da haƙoransa na gaba suka ruɓe aka cire.

Baƙuwar da ake jira ta iso da jakarta. Malama Fong ce, ma'aikaciyar jinya. Ta zo da wasu tambayoyi da aka juyo daga Turanci zuwa harshen mutanen Hong Kong, na auna halayen manya masu naƙasar ƙwaƙwalwa irin Lok. Abin da aka tambayi uwa, shi ake tambayar malamin gidan sana'ar da ɗanta yake zuwa. In amsoshin sun dace, an san tambayoyin sun yi kyau.

"Tambayoyin muke gwadawa, Maman Lok, ba ɗanki ba."

Sau-Ying ta gyaɗa kai kawai. Mu iyayen irin yaran nan mun san yadda magana take tafiya. Da zarar an ce uwa ba za ta iya ba, sai a kwashi yaro zuwa gidan kulawa can bayan gari. Ga shi mijinta ya rasu. Lok kuwa bai taɓa kwana a ɗakin da babu ita ba.

Lok ya kawo shayi da hannu biyu, yana tafiya a hankali. "Sha, Malama. Da zafi."

"Kai, ga miji na gari, matar ce babu!" in ji Fong. Lok ya rufe baki yana dariya.

Aka fara. Yana ihu? Wani lokaci. Yana dukan bango? Sau-Ying ta ce e, ai maƙwabta ma sun sani. Yana fasa kaya? Ta kalli kofunan da suka rage mata, ta ce sukan faɗi dai.

"Yana cizon kansa?"

Idon Fong yana kan gefen hannun Lok na dama: tabo a kan tabo, ga wani ɗanye.

"Malaminsa ya ce bai taɓa gani ba. Yini yake yana ƙulla tsinken cin abinci a leda, ko ƙuda ba ya kora. Sai dai ya zo da safe da sabon ciwo."

"A gida yake yi," Sau-Ying ta faɗa da sauri.

"Wannan na ƙasan hancinki fa? Kamar shatin farce."

"Ƙurji ne, 'yar'uwa."

Fong ta ajiye biro. Ta ce wannan kam ya wuce gwajin tambayoyi, dole ta shaida wa likita. Akwai safar hannu mai kauri da ake ɗaurewa a wuyan hannu, akwai kuma maganin da zai kwantar da shi, sai dai zai riƙa yini yana gyangyaɗi.

"Amma a gida zai zauna?"

"Tunda ke lafiyarki ƙalau, a gida."

"To, rubuta."

Lok ya matso, ya ja gefen rigarta. "Mama, Lok yaron kirki ne. Baba ya ce."

"Yi shiru, ɗana. Je ka kalli jiragenka."

Fong ta miƙe za ta tafi, ta ce safar za ta iso mako mai zuwa. Sau-Ying ta raka ta bakin ƙofa, har da yi mata godiya. Ta dawo ta tsaya wanke kofuna, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Lok na bayanta, kamar kullum, bai ɗauke ido daga kanta ba.

Can sai ta ji ƙauri, alhali ta kashe wuta, alamar da ta saba ji kafin ciwonta ya tashi. Kofin ya suɓuce ya tarwatse. Farfaɗiyar da take ɓoye wa duniya ta nana ta da ƙasa. Lok ya yi ihu, ya durƙusa kusa da ita, ya yi abin da babansa ya koya masa kafin ya rasu: ya danna ƙasan hancinta da farce don ta farfaɗo, ya tura gefen hannunsa na dama tsakanin haƙoranta, don kada ta ciji harshenta.