Jarumar da Ta Ƙi Motsi

Gaggawa ta danna wayarta, ta gyara murya, ta fara zuba wa 'yan guruf ɗinsu na masu karatu saƙon safiyar Asabar.

"Jama'a, shekara uku. Wadda ta fara karanta littafin Ƙofa Biyu da tsohon ciki, yau ɗanta yana jan jakar makaranta. Ita kuma gimbiyar marubuciya, wai..." Sai ta maƙe murya, ta langaɓar da kai kamar mai ciwon wuya. "'Ku yi haƙuri masoyana, ina jiran jarumata ta yanke shawara.' Jarumar takarda ce za ta yanke shawara? Alƙalamin a hannun wa yake?"

A ofis aka laƙaba mata Gaggawa, don ko ruwan shayi ne ya yi jinkirin tafasa sai ya sha zagi. Ita ce shugabar masu jiran littafi na uku. Babu wanda ya taɓa ganin marubuciyar, wadda ke kiran kanta 'Yar Inuwa, amma Gaggawa ta gama zana ta a ranta: wata ƙatuwar malalaciya kwance a kujera mai laushi, tana fifita da littafin farko.

Littafi na biyu ya ƙare ne jarumar na tsaye a bakin ƙofa, Likita a dama, Matuƙin Jirgi a hagu, kowa yana jiran amsa. Tun daga nan shiru.

"Ita ma jarumar sakarya ce," in ji Gaggawa, tana duban ƙanwarta Auta da ke guga a tsakar ɗaki. "Mace ta jera maza biyu kamar kujerun falo, ba ta zauna ba, ba ta bayar ba."

"Haka ne, Yaya," in ji Auta.

Waya ta yi ƙara. Mai Kemis ne, na bakin titi. Gaggawa ta kife ta a kan filo. Ba a jima ba ta sake ƙara, wannan karon Direba ne, mai jan babbar bas ta tafiya mai nisa. Shi ma aka kife shi.

"Wanne ne a ciki?" Mama ta tambaya daga kicin.

"Duka biyun."

"To yaushe za ki sallami ɗaya? Bencin ƙofar gidan nan har ya lotsa."

"Mama, aure ba sayen takalmi ba ne. Nazari nake yi."

Auta ta jingine dutsen guga. "Jiya da Direba ya zo, sai ya ce me?"

Wannan ita ce cutar Auta. Ba ta karanta littafi, ba ta zuwa ko'ina, kullum tana maƙale da waya ko tana laɓe a bayan labule, tambayarta ɗaya: sai ya ce me? Gaggawa takan kira ta gulmammiya marar aikin yi, sannan ta miƙe ta kwaikwaya mata komai, har da yadda Direba ke sosa ƙeya da makullin mota.

Kafin azahar Gaggawa ta aika wa marubuciyar gargaɗi a bainar guruf: ko littafi ya fito, ko su masu karatu su rubuta ƙarshensa da kansu, su kuma shafe sunanta daga doron ƙasa. Ta ƙara da cewa macen da ta kasa zaɓa tsakanin mutum biyu ba jaruma ba ce, ɓata wa mutane lokaci ce.

Amsa ta zo a taƙaice: "Wallahi ni ma na gaji da ita."

Gaggawa ta karanta wannan da murya kala uku, kowacce ta fi ta baya raini.

Da la'asar Mai Kemis ya yi sallama. Ta shanya shi a falo kamar yadda ta saba, ta canza mayafi, ta dawo da na farko, ta sake canzawa. Da ta fito ta tarar da shi tsaye cikin sabon ɗinki, ruwan da aka kawo masa yana nan ko taɓawa bai yi ba.

"Ba zama zan yi ba," ya ce, ya miƙo mata katin ɗaurin aure mai ruwan zinari. Sunansa ne a jiki, da na nas ɗin asibitin da ke kallon shagonsa.

Gaggawa ta karɓi katin, ta duba gabansa, ta juya bayansa.

"Direba ma ya ce in gaishe ki. Shi ne babban abokin ango. A bencinku muka saba, kin san zaman jira da haɗa zumunci. Nasa kuma wata mai zuwa ne, zai kawo miki da kansa."

Ya yi wa Mama sallama cikin ladabi, ya tafi.

Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, katin a cinya. Wayarta ta shiga rawa a kan filo kamar za ta faɗo. Guruf ne ya kama da wuta. 'Yar Inuwa ta yi magana: "Albishirinku. Littafi na uku yana fitowa ƙarshen wata. Jarumar ba ta zaɓa ba, an hutar da ita."

Saƙonni suna ta zubowa, kowa yana jinjina wa Gaggawa, wai tsawarta ce ta tashi malalaciyar daga barci.

Labule ya motsa. Auta ta leƙo, waya a hannu, babban yatsanta a kan gilashi.

"Yaya, yi haƙuri, da ya miƙo miki katin nan, da hannun dama ne ko na hagu? Labule ya tare ni, kuma ba na son in yi wa masu karatuna ƙarya a babin ƙarshe."