Wayar Da Ke Mutuwa Ƙarfe Huɗu

Ƙarfe huɗu na cika, data ta sake ɗaukewa. Direban ya naushi sitiyari har hon ya yi ƙara. Ta waya yake samun fasinja, amma tun da aka sabunta manhajarta, kullum daga huɗu zuwa shida sai ta yi masa gum, daidai lokacin da ma'aikata ke tashi. Kamfanin da yake yi wa tuƙi ya riga ya yi masa gargaɗi biyu, a na uku sallama ce.

Babu abin da bai gwada ba. Ya kashe ya kunna, ya cire layi ya goge da bakin riga, ya sayi sabo, duk a banza. Matarsa, wadda ita ta danna masa sabuntawar don shi bai iya laluben cikin waya ba, takan miƙo masa ruwa ta ce ya yi haƙuri. Ta yi sanyi ƙwarai tun rasuwar mahaifiyarta, har yabonta yake a gaban abokai. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ranar da ta neme shi ya kai tsohuwar asibiti ba, shi kuwa yana can yana kwasar fasinja.

Haushin duk sai ya tattara shi a kan mai gyaran wayar da ya ba shi shawarar sabuntawa. Ya rantse sai ya ga an garƙame shagon nan. Ya jira sai da mutane suka cika, ya shiga ya dangwarar da wayar a kan teburi, ya kira mutumin ɗan damfara, ya wanke shi tas.

Mai gyara ya ɗauki wayar ya yi ta dannawa, can ya ɗago.

"Malam, lafiyar wayarka ƙalau. An saka ta ne a tsarin kula da wayar yara. Wani ke rufe maka data daga tasa wayar."

Direban ya ce a nuna masa ko wane ne, wallahi yau sai ya raina kansa. Mai gyara ya juyo masa da fuskar wayar.

Lambar matarsa ce, wadda ta kira shi sau goma sha ɗaya ranar da tsohuwar ta cika, daga ƙarfe huɗu zuwa shida, bai ɗaga ba.