Fiyanon da Gara ta Cinye

Uwani, zauna ki ajiye jakar nan tukuna. Na ji kin ce za ki janye sunanki daga kiɗan gwaji na ƙarshen shekara, wai don ba a ba ki lokacin atisaye yadda ake ba wasu. Ban ce ba a zalunce ki ba. Amma kafin ki miƙa musu wuya su yanka, bari in buga miki misali.

An yi wata ɗaliba a sashen koyon kiɗa na wata jami'a, matar aure mai 'ya'ya, wadda ta shigo karatu bayan sa'o'inta sun daɗe da gamawa. Fiyano, wato akwatin kiɗan nan na Turawa mai jerin maɓallai, mai lafiya guda ɗaya ne a sashen, yana zauren taro a kulle, lokacinsa kuma na 'yan gaban goshi ne. Duk sanda ta nemi rabonta sai a ce ta dawo da magariba, alhali kowa ya san a lokacin tana gida tana fama da tukunya da yara. Da ta yi magana, babban malamin sashen ya ce ai da ma wannan fanni ba na mai goyo ba ne, yatsun da suka saba da wanki ba za su iya kiɗan Turawa ba. Ƙa'idar gwajin kuwa ba ta da sassauci. Ɗalibi zai hau dandamali ya kaɗa dogon kiɗa da ka, babu takarda a gabansa, in ya tsaya a tsakiya ya faɗi ke nan, sai ya maimaita shekara. Ita ba ta da wata shekarar, don dangin mijinta sun riga sun gindaya mata cewa daga bana ta gama, ko da shaidar karatu ko babu. Sai ta lalubo wani tsohon fiyano da aka jefar a ɗakin shirgi. Gara ta cinye 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyinsa, in ka danna maɓalli zai nutse ya taso, amma ba ya cewa komai sai ƙwas-ƙwas na katako. Ta kakkaɓe shi, ta jawo benci, tsakanin lacca da lacca kullum tana can. Kuma don tsabar taurin kai ba ta zaɓi ɗan gajeren kiɗa mai sauƙi ba, ta ɗauko wani tsohon kiɗa mai kashi uku wanda har 'yan gaban goshin suke kauce masa. Ta yi ta sauraronsa a waya har ya zauna mata a kai, sauran aikin ta bar wa yatsu. Masu wucewa su leƙo su ga mace tana ta gumi a kan akwatin da ba ya magana, su kwashe da dariya, har suka laƙa mata suna mai yi wa kurame kiɗa. Har yau in na tuna sunan nan raina ɓaci yake yi.

Ranar gwaji ta faɗo a tsakiyar damina, zauren kuwa rufin kwano ne, babu silin. Ta hau, ta zauna, ta fara. A ranar ne ta soma jin kiɗan nan yana fitowa daga hannunta, kashi na farko kuma ya tafi lafiya lau. Tana shiga na biyu aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta, kwano ya ɗauki ruri har mutum ba ya jin na kusa da shi. Duk makaɗin da ya saba kunnensa ke jan hannunsa, a nan zai ɓace. Babban malamin nan ya taso ya matso kusa da ita, ya ɗaga murya ya ce, "Malama, tsaya haka, a sake sa miki rana baɗi." Ta ji shi sarai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Wadda ta yi wata da watanni tana kiɗa ba ta jin kanta, me ruwan sama zai rage mata? Da suka ga ba ta da niyyar tsayawa, dole malaman da ke alƙalancin gwajin suka bar kujerunsu suka zagaye ta. Babban nasu ya buɗe takardar kiɗan, wani ya haska masa da fitilar waya, ya ɗora yatsa yana bin layi, ido ɗaya a kan hannunta, yana jiran inda za ta kauce. Kin san ruwan damina, yadda yake zuwa haka yake ɗaukewa. Ya tsaya farat ɗaya, sai ga sautin fiyano ya cika zauren, tana tsakiyar kashi na uku inda kiɗan ke gudu, kuma daidai gaɓar da yatsan malamin yake a kan takarda. Ta kai shi ƙarshe, ta ɗauke hannu, ta miƙe ta ɗan rusuna, ta gyara mayafinta ta fita ɗauko yara daga makaranta. Mutumin da ya ce ta tsaya, shi ne ya sa hannu a kan cewa ta ci.

To, Uwani, in sun kulle miki zaure, ɗakin shirgi a buɗe yake. Ɗauki jakarki ki koma, sunanki kuma ki bar shi inda yake, wanda ya ƙi jinin ganinsa ya runtse ido. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.