Abin Da Ungozoma Ta Ji

Ihun Tamsin ya sake cika gidan. Alƙali Obadiah Thorne na tsaye a ƙofa da dattawan coci uku, gumi na bin wuyansa, ga ƙanƙara na zuba.

Dokar garinmu ce, har da sa hannunsa. Budurwar da ta yi cikin shege, a tsakiyar naƙuda ungozoma ke tambayar ta sunan uban. Sunan da ta kira a lokacin, kotu ba ta musa shi. Tamsin 'yar aikin alƙalin ce. Ungozomar kuwa matarsa ce, Mehitabel.

"Alƙali, wannan rawar jiki fa? Ko kai ke haihuwar?" in ji Dattijo Pell.

Jariri ya tsala kuka. Mehitabel ta fito tana goge hannu, ta kafe mijinta da ido.

Alƙali ya zube a gaban dattawan.

"Kar ki faɗa, Mehitabel. Bari ya fito daga bakina. Ni ne. Ni na lalata yarinyar nan."



"Maigida," ta ce a hankali, "sau bakwai na tambaye ta. Ba ta kira sunan kowa ba."