Cokalin Iya

Shekarar da fari ya cinye mana gero ce, ko wadda ta biyo bayanta, ba zan rantse ba. Ƙanwata Hansatu ta kwana uku da zazzaɓi, idanunta jajur, sai Baba ya ɗauko malamin asibiti daga Tsanyawa a kan keke.

Bayan azahar suka iso. Malamin ya nemi cokali ya danne mata harshe. Na leƙa, na ga fararen ɗigo a cikin kumatunta kamar an barbaɗa gishiri.

Ya ce, "Ƙyanda ce, ƙuraje na nan tafe. A kai ta asibiti yau saboda idon nan."

Kakarmu Iya ta karɓe cokalinta ta goge da bakin zane. "Malam, baƙon dauro ba a fita da shi cikin iska, komawa ciki yake yi. Yara tara na yi jinya a ɗakin nan."

"Nawa suka tashi, Iya?"

"Waɗanda Allah ya so," in ji ta, ta saki labule.

Baba ya sunkuyar da kai. Uwarsa ce. Ba a kai Hansatu asibiti ba, ta tashi, amma idonta na hagu ya mutu.

Da na girma na yi karatu, na san ba lallai ne asibitin ya ceci idon ba, wataƙila ma babu magani a lokacin. Amma duk sanda Hansatu ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta gan ni da idon dama, sai haushin Iya ya taso mini sabo fil. Sai na yi istigfari kafin in iya yi wa Iyar addu'a.