Sanyin Alewar Kwakwa

Wata budurwa ta ce duk Maraɗi ba mai alewar kwakwa da shokola, wato cakulan, irin tata. A Yamai ta koyo, ba a ɗora tukunya, firigo ke ƙarasa aikin.

Uwar saurayinta, da ta zo daga garin Tsibiri don ta ga kalar surukar, ta ɗauki guda ta gatsa. Sanyi ya ratsa mata haƙora.

"Firigon yayata ne, Inna, Allah ya jiƙanta. Tun rasuwarta bai taɓa ba ni kunya ba."

Firigon na ta gurnani a kusurwa. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta aje sauran, ta jawo takalmanta.

"'Yata, ga wayar wutar firigon can rataye jikin ƙusa, ba a ma jona ta ba."